Miyar Kawu Ilu

Ranar da tumatir ya faɗi a Gujungu,
kwando bai kai kuɗin motarsa ba,
na juyo da nawa a bayan babur,
ruwansa na ɗiga bisa kwalta har gida.

Kawu Ilu na gindin darbejiya.
Shekara goma sha tara ya yi a Damagaram
yana girka wa wani Bafaranshe mai haƙar rijiyoyi.
Abin da ya dawo da shi: wuƙa ɗaya,
ciwon gwiwa,
da kalmomi huɗu da yake korar awaki da su.

Ya leƙa kwandon, ya latsa guda da yatsa.
Ya ce, "Hura wuta, Sabi'u.
Yau za ka ci ratatu."
Suna sai ka ce kiɗan kalangu.

Ya aike ni lambu:
yalo mai sheƙi, tattasai ja,
'yar kabewa wadda bayanta bai yi tauri ba,
albasa biyar, tafarnuwa dunƙule guda.
Can man zaitun suke sawa, in ji shi,
nan kuwa man gyaɗar Gwaggo Tabawa ya wadatar,
in ta yarda.
Ba ta yarda ba. Mun ɗiba.

Na tattaro su zan antaya a tukunya,
ya buge min hannu da muciya.
"Motar kasuwa ce, da za ka cusa kowa?
Kowa da shigarsa."

Albasa ta fara, har ta yi laushi, ta daina sa ni hawaye.
Aka kwashe.
Yalo ya shiga, ya shanye mai
kamar jigawa ta samu ruwan farko.
Aka kwashe.
Kabewa ta ɗan yi ja a gefe.
Tattasai kuwa a garwashi ya kwanta,
muka murje baƙar rigarsa.
Tumatirina da dillalai suka raina,
Kawu ya tsoma su ruwan zafi,
yana saɓule musu fata ɗaya bayan ɗaya,
a hankali, kamar mai cire wa jariri riga.

Gwaggo ta tsaya a bakin madafa, hannu a ƙugu.
"Ina daddawar?"
Babu.
"Nama fa? Ko ƙashi?"
Babu.
"Ba a niƙa ba, ba a kaɗa ba,
maburgi na rataye yana kallonku.
Wannan ai taron kayan miya ne, ba miya ba."

Kawu bai tanka ba.
Ya mayar da kowa tukunya ɗaya,
ya janye itace, ya bar garwashi uku,
ya tsinko ɗoɗɗoya a bayan randa,
ya rufe.
Daga la'asar har kaji suka hau.

A nan ne ya ce, yana matsa gwiwa,
"Ka san abin da mutumin ya faɗa min?
A garinsu ba cimar masu kuɗi ba ce.
Ta manoma ce, ranar da lambu ya fi ƙarfinsu."
Na yi shiru.
Ashe can ma kasuwa na faɗuwa.

Bayan magariba muka buɗe.
Kowane yanki na nan da kamanninsa,
amma yalo ya ari zaƙin albasa,
kabewa na ƙamshin hayaƙin tattasai.
Muka dangwala da gurasa.
Gwaggo ta gutsiro tuwon dawa, ta taɓa gefe,
ta tauna ta daɗe.
Ta ce, "Gishiri ya yi kaɗan."
Ta sake gutsirowa.

Kawu ya ce a rage, ta fi daɗi in ta kwana.
Da asuba na tarar da tukunyar a kife, an wanke,
Gwaggo na shara, ba ta dubi kowa ba.

Saura kwando uku a zaure.
Na ari wuƙar Damagaram,
na shimfiɗa buhu a rana,
na fara yankan kauɗa.