Na Dangwala

Da sassafe ta zo Farin Gada, takarda a hannu,
sanyin Jos na cizon kunne,
ina tsugune ina ware dankali, manya nan, ƙanana can.
Ta ce, "Iya, sunaye muke tarawa
a maido wa jama'a jirginsu."
Na ce, "Jirgin wa?"
Ta ce, "Naki."
Sai da na ajiye kwando.

Ubana Sallau, shekara talatin da ɗaya
yana juya layin dogo a Bukuru,
jar tuta a dama, koriya a hagu,
tafin hannunsa ya yi kanta kamar ƙofato.
In jirgin dare ya taso daga Kafanchan
kwanukan ɗakin innarmu ke fara ba mu labari,
su yi ta karkarwa tun ba a ji usur ba.
A tarago na koyi ƙirga kuɗi,
a tarago na fara jin Yarbanci,
a tarago wata mata ta haihu, muka kare ta da zannuwa,
aka raɗa wa yaron Tasha don tsokana, sunan ya bi shi.

Ranar da aka sayar ba wanda ya kira mu.
A rediyo muka ji,
tsakanin sanarwar rasuwa da tallar sabulu.
Kamfani ya zo da fenti da gilashi,
ya shafe ƙananan tashoshi, wai ba riba a tsayawa,
ya cire taragon kayan gwari,
tikiti ya haura sama ya bar mu a ƙasa muna ɗaga kai.
Yanzu buhunana a bayan tirela suke kwana,
su gangara Hawan Kibo da addu'a,
kowane shinge a miƙa hannu,
kafin su isa kudu rabi ya zama ruwa.

Ba zan yi ƙarya ba, tsufa ya hana ni:
da can ma ba aljanna ba ce.
Jirgin Talata yakan iso Laraba.
Ubana ya rasu da katin fansho a aljihu,
ya yi laushi don yawan fitarwa da mayarwa.
Amma akwai ƙofar da muke bugawa,
akwai wanda muke zagi ya ji,
don da gumin iyayenmu aka shimfiɗa ƙarfen.
Yau lambar waya ce,
ta yi maka kiɗa, ta cinye katinka, ta mutu.
Guntun gatarinka ya fi sari ka ba ni.

Na leƙa takardar. Ba na karatu, yarinyar ta karanta mini:
Kaneng mai acca,
Dalyop mai wankin mota,
Nkechi ta shagon magani,
Alhaji Tanimu dillalin kabeji,
mutanen da magariba ke rabawa,
kowa ya nufi unguwarsa bai waiwaya ba,
ga su layi ɗaya, kafaɗa da kafaɗa,
kamar kujerar tarago.

Barau mai albasa ya ƙi.
Ya ce, "In an maido, hannun wa zai koma?
Ba waɗanda suka sayar ba ne?"
Ban sami amsa ba. Har yanzu ina nema.
Na dai ce masa: akuyar da aka sace
a fara kwanto ta tukuna,
a yi faɗan igiya a gida.

Na ce wa yarinyar ta rubuta Sallau a ƙarƙashin sunana.
Ta ce, "Iya, mamaci ba ya sa hannu."
To.
Na tsoma babban yatsa a tawada,
na danna da nauyin mutum biyu
har takardar ta kusa hujewa.

Yini guda duk dankalin da na taɓa
sai ya fita da shuɗin tabo.
Mai saye ta tambaya, "Lafiyarsa kuwa?"
Na ce, "Lafiya lau. Mota yake jira, ya gaji."