Ramuka Goma

Shekara talatin na yi a Kalambaina,
siminti ya cinye rabin huhuna,
fansho ya iso da tari a ƙirjina.
Likita ya ɗaga hoto sama, ya ce:
"Baba, sai ka sake koyon numfashi."

Ni da jikokina sun kai bakwai,
yau za a koya mini shaƙar iska?
Na bar asibiti ina cin haushi.

A Tsohuwar Kasuwa na raɓa rumfar Modi,
mai gyaran agogo, don in sha inuwa.
Cikin gwangwanin da yake tara kusoshi
na hangi wani ƙarfe, tsawon tafin hannu,
tsatsa ta ci gefensa, katakon ya yi laushi.

"Wanga fa?" na ce. Ya ce, "Hamonika.
Wani tsohon soja ya bar ta jingina
tun ina yaron shago, wai daga Bama ya zo da ita.
Ya karɓi sule biyar, bai sake waiwayo ba.
Ɗauki, in ka iya, ka biya mishi bashi."

A Runjin Sambo na zauna bisa tabarma
da tsinken tsintsiya da tsumma da ruwan ɗumi.
Na zaƙulo gawar tururuwa, da ƙwayar gero guda.
Da na kai ta baki, sai na ji taba,
bakin wani ya riga nawa, har yau da sauran ƙamshi.

Busar farko, akuyar maƙwabta ta amsa.
Ige ta leƙo daga madafa da ludayi:
"Wa ya taka kyanwa?"
Na ce ba kowa. Ta koma tana nishi.

Kulu ce malamata, shekararta tara,
ta binciko darasi a wayar babanta.
"Rami na huɗu, Kaka. Guda ɗaya, ba uku ba!
Tsuke baki kamar mai shan fura da kara.
Busa. To, yanzu zuƙa."
Na zuƙa, sai ga sauti ya tashi.

Na yi shiru.
Duk zamana, zatona abin da ka fitar shi ke ƙara.
Ashe abin da ka jawo ciki ma yana da murya,
in an ja shi da taushi.

Daga nan ciwon tarawa ya kama ni.
Ta biyu wani direba ya kawo daga Illela.
Ta uku a sikelin masu sayen tsohon ƙarfe na tare ta,
saura ƙiris a auna ta da murfin tukunya.
Ta huɗu matar wani malamin makaranta a Bodinga
ta kwance ta daga hankici, ta ƙi karɓar ko kwabo,
ta ce gidan ya yi tsit tun ranar rashi.

Yanzu suna kwance a jakar jan fata,
kowacce da ramin da ya mutu.
Ta Bama ba ta da na bakwai,
ta Bodinga na biyu ya shaƙe.
Ban kai su gyara ba. Ni ma da giɓina,
kuma ba a raba tsohuwar tukunya da baƙin garwashi.

Daren jiya an ɗauke wuta, zafi ya hana barci.
Bayan lisha, ƙarƙashin dogonyaro,
na jera sauti shida ba tuntuɓe,
na bakwai tari ya tare shi a hanya.
Ige na gefe tana fifita, ba ta dube ni ba,
ta ce, "Sake. Wancan na tsakiya."
Na goge baki da hannun riga,
na nemi rami na huɗu a duhu,
na ja numfashi.