Ɗan Amshi

Shekara arba'in da ɗaya ina tsaye bayan Ilu,
taku biyu, hannun hagu, dab da mai kalangu.
Shi ke da baki, ni ke da "haka ne".
Sana'ar da na iya ke nan a duniya: amshi.

A Rafindaɗi muka fara, zauren wani tela,
da kukumar aro mai tsagaggen ƙoƙo.
Wasan farko, sule uku da ƙwaryar fura.
Ilu ya ce in riƙe kuɗin, shi ya shanye furar,
wai murya ba ta fita daga cikin da ba ƙoshi.

Sai waƙar direbobin Jibiya ta kama.
Daga Ƙofar Guga har Maraɗi
ba motar da ba ta ɗauke da shi a kaset.
Mai shayi na dama madara da kiɗanmu.
Daren da aka sa mu a rediyo,
uwata ta lulluɓe akwatin da zane, kada sanyi ya kama ni,
ta ce ta jiyo ni can ƙasa-ƙasa, kamar nishi.

Ba zan wanke shi don ya kwanta ba.
Ilu na da rowa, Ilu na da baƙar magana.
A Dutsin-ma aka ba shi Fijo,
ni aka ba ni hula, ita ma ta matse mini kai.
Na yi zuciya, na tafi Ikko tallar agogo.
Wata rana na ji sabon kaset a bakin tasha,
gurbina wani yaro ne a ciki, kuma yana makara.
A daren na hau tirela.
Har yau ban san ko ƙauna ce ba, ko kishi.

Sannan fiyano ta shigo gari.
Yaro ɗaya ya shiga ɗaki da kwamfuta,
ya fito da makaɗa goma, ba wanda zai ci tuwo.
Katin gayyata ya ɗauke kamar ruwan ƙarshen damina.
Mai kalangu ya koma acaɓa,
Fijo ta hau duwatsu, kaji na ƙwai a kujerar baya,
mai shagon kaset na Sabon Layi
ya rasu muna binsa bashi.

Bara waccan, bayan la'asar, ɓarin dama ya shanye.
Kalmomi suka watse kamar an buɗe akurki.
Mutumin da kan kwana yana jero direba saba'in,
kowa da garinsu da lambar motarsa,
yanzu da ido yake roƙo in yana son tashi.

Kullum da hantsi nakan zo in zauna bakin katifa.
Wata Talata, ban san abin da ya hau kaina ba,
na ɗauko baitin farko na waƙar Jibiya
da wannan murya tawa da ba ta taɓa shiga gaba ba.
Na kai gaɓa, na tsaya,
ina jiran kaina.

Sai ga shi daga kan matashi,
a karkace, da yawu:
"Haka ne."

Na ce, Ilu, ka makara.
Ya yi dariya da rabin fuska,
ɗaya rabin na nan da tsohon fushi.

Tun ranar, ni gaba, shi baya.
In baiti ya ɓace mini sai in cike da ƙarya,
in ƙago direban da ba a haifa ba, in ba shi Bedford.
Ya zare mini idon nan mai lafiya, ya ƙi amsawa,
mu zauna shiru, kunu na hucewa,
sai na nemo sunan gaskiya kafin ya yi laushi.

Kukumar na rataye a ƙusa, tsirkiya ta tsinke.
Jiya ya daɗe yana kallonta, ya dubo ni.
Gobe, in Allah ya kai mu, zan shiga kasuwa neman izga.
Ba mai goga ta, na sani.
Amma ya faɗa,
kuma in Ilu ya faɗa, nawa amshi.