Kujera Ta Sha Biyu

A Kalumet, can arewacin Mishigan,
inda tafki ke kwaikwayon teku,
mu goma sha ɗaya ne.
Da mu sha biyu ne, sai Stanko ya bi 'yarsa kudu,
gwiwarsa ta gaji da ƙanƙara.

Alhamis ɗin farko a kowane wata,
ɗakin ƙasa na laburare, kujerun ƙarfe masu kuka.
Dala sha biyu a shekara, ni ke riƙe da littafi.
Wanda bai biya ba na san shi, ban faɗa ba.

Kowa ya zo da kwalin ƙwai,
ba ƙwai a ciki, duwatsu ne kwance ɗaya-ɗaya
kamar ana jiran su ƙyanƙyashe.
Gwendolin Penhale, ƙaramin madubi rataye a wuya,
ba ta gaishe ka sai ta gai da abin da ke hannunka.

Maƙwabta na dariya:
mutum da furfurarsa yana lasar dutse!
To, kowa da kiwon da ya karɓe shi.
Busasshen dutse ba ya faɗin sunansa,
sai ya ji yawu launinsa ke fitowa.

In ƙanƙara ta narke mu hau tsibin tsohuwar mahaƙa,
tarkacen da kakanninmu suka tono suka zubar.
Guduma, bokiti, tabarau, burodi a jaka.
Su sun shiga rami neman abinci, wasu ba su fito ba,
mu muna tonon jujinsu don nishaɗi.
Wannan na faɗo mini duk sanda na ɗago jan ƙarfe
mai rassa kamar itace, kore ya ci bakinsa.

Toivo Lahti ya girme mu duka, ido ya tafi.
A sa masa dutse a tafin hannu,
ya auna, ya murza da babban yatsa, ya kai haƙori,
ya ce: dutsen tsakiya ne, daga bakin tafki, ta yamma.
Sau biyu kawai na ga ya kuskure,
kuma har yau yana musu.

Watan jiya wata yarinya ta shigo,
Odil, 'yar shekara tara, uwarta na jira a mota.
Ta kwance safa, ta fito da wani abu shuɗi,
shuɗi kamar an gutsuro sama an daskarar.
Ta ce: ni kaɗai na samo shi. Nawa zai yi?

Ɗaki ya yi tsit. Duk mun san shi.
Kashin maƙera ne, abin da tanderu ya tofar,
ana shurinsa a tsohuwar hanyar jirgi.
Gwendolin ta buɗe baki, na taka mata ƙafa.

Toivo ya miƙa hannu. Ya daɗe yana juya shi.
Ya ce: wannan ba ƙasa ta haife shi ba, wuta ce.
Ubana ya yi shekara ashirin a bakin wutar nan,
ƙila ma shi ya zubar da shi.
Kuɗi kam, ba zai sayi ko ƙwai ɗaya ba.
Amma karɓi kati.
Rubuta inda kika tsinta, da rana, da sunanki.
Dutsen da ba shi da kati tsakuwa ce kawai.

Ta ɓata rai, ta rubuta,
harafi na hawa kan harafi.
Muka kashe wuta, Aila ta kunna shuɗiyar fitilarta,
duwatsu masu ruwan toka suka kama ci kamar garwashi.
Nata bai ce uffan ba.
Ta ce: a sake.

Yau Alhamis. Dusar ƙanƙara ta binne matakala.
Na share, na jera kujeru sha ɗaya,
sai ga ƙahon mota a waje,
ga gudun ƙananan takalma,
ga ƙwaram-ƙwaram a kwalin ƙwai.
Na jawo kujerar Stanko daga bayan ƙofa,
na goge ta da hannun riga.

Dala sha biyun kuwa,
ni na san yadda zan rubuta.