Karsana Arba'in a Viroqua

Karsana arba'in Lorraine take da su,
mai saka musu iri kuwa daga La Crosse yake tasowa,
kuma kuɗin mansa bai san wata saniya ba ta shirya ba.
So take duka su nemi barbara cikin mako guda.

A gonar maƙwabta aikin allura ne:
a tsira yau, a ƙirga kwana, a sake tsirawa,
garke ya motsa tare kamar an kaɗa ƙararrawa.
Ita takardar madararta ta hana.
Allura ɗaya, tankar kamfani ta daina tsayawa a ƙofarta.

Sai muka koma ga ganye.
Ta zaro littafin kakarta Solveig, mai warin tsohuwar akwati:
busasshen ganyen rasberi, ciyawar teku, ruwan tsamin tuffa.
Ni na kawo hulba daga shagon wani Basomale,
ya auna, ya dube ni, ya ce, barka, mai ɗakinka ta sauka?

Asuba ashirin da ɗaya ina cuɗa dusa,
sanyi na cizon yatsuna ta cikin safar roba.
Na shafa musu jan alli a gindin wutsiya,
wadda aka hau, allinta zai goge.
Shida suka goge.
Shida, ni da na yi shekara biyar a Samaru ina haddar mahaifar saniya.

Da dare na buga wa Kawu Barau.
Ya yi dariya har tari ya sarƙe shi.
Ya ce, kai da ka yi boko,
ka taɓa jin saniya ta yi marmarin abin da ba ta shinshina ba?
Ina bijiminku?
Na ce, Kawu, bijiminmu yana cikin tulun ƙanƙara.
Ya yi shiru. Ya ce, Allah ya kyauta.

Muka aro na Eli Borntrager, baƙi, mai guntun ƙaho,
muka ɗaure shi bayan shinge inda iska ke bi ta kansa.
Bai taɓa ko ɗaya ba. Kuka kawai yake, yana tonon ƙasa.
Kafin Jumma'a biyu, alli ashirin da uku ya goge.

Lorraine ta ce littafin Solveig ne.
Eli ya ce ai aikin baƙinsa ne, a ba shi damin ciyawa.
Rana ma ta fara daɗewa ba ta faɗi ba,
ita ba wanda ya tambaye ta.

A littafina, ƙarƙashin layin dalili,
na rubuta hulba, na soke.
Na rubuta bijimi, na daɗe ina kallo.

Sha ɗaya suka rage.
Cikinsu har da mai lamba ɗari biyu da tara,
wadda nake kira Hakimiya in ba kowa kusa.
Tana tuƙa, tana kallona,
allinta ja wur kamar yanzu na shafa.