Buta Uku

A Halifax, cikin watan Yuli,
rana ta yi abin da ba ta saba ba:
kwana tara tana tsaye a kanmu
kamar mai bin bashi.
Motar shara kuwa sai Talata,
Talatar ma a zo ɗaya, a tsallake ɗaya.

Na ɗaga murfin baƙin durom
don in jefa ɓawon ƙwai,
sai na ga shinkafa tana tafiya.
Fara sol, ƙwaya-ƙwaya,
tana hawa, tana zamowa, tana sake hawa,
ba ido, ba ƙafa, ba kunya.
Warin ya riga ni gane abin da nake kallo.

Shekara arba'in da ɗaya
ban taɓa ganin tsutsa a gidan nan ba.
Na ɗauka halin gidan ne.
Ashe Glenys ce.
Watanta biyar ke nan a maƙabartar kan tudu,
kuma kullum sai na gano wani aiki
da ban san ana yin sa ba.

Jaswinder ta leƙo ta kan katanga,
almakashin lambu a hannunta.
"Kifi ne, ko?"
Na ce kifi ne, na ranar Juma'a, leda a buɗe.
Ta girgiza kai.
"Ƙuda ba ya neman ƙofa, Clifford,
'yar tsaga ta ishe shi.
Fito da ledojin, ka saka su a sababbi, ka ƙulle tam.
Tafasa ruwa. Buta uku, ba ɗaya ba.
Ka kwarara tun daga baki, ka bi gefe-gefe,
ka duba ƙarƙashin murfi, can suke fakewa.
Sai gishiri, ban da rowa.
In ya huce ka tuntsurar, ka dirje da ruwan khal,
ka bar shi baki buɗe a rana har ya bushe ƙarau.
Danshi ne uwarsu."

Safar hannun Glenys ta roba, ruwan ɗorawa,
ta tsaya mini a rabin tafi.
Buta ta farko, tururi ya turnuƙe,
motsin ya tsaya cak.
A ta biyu hannuna ya kama rawa,
don na tuna tudun can,
da ƙasar da ke kanta,
da masu aikinsu a ƙarƙashi
inda ba mai tafasa musu ruwa.

Na ajiye butar a kan dakali.
Na zauna.
Wani baƙin tsuntsu mai jan baki ya sauko
yana tsintar waɗanda suka tsere,
ko kallo ban ishe shi ba.

Ta ukun a tsaye na zuba ta.
Ba haushinku nake ji ba, na ce da su,
kowa da inda aka rubuta masa abinci.
Amma ba nan ba.
Ba a bakin ƙofarta ba.

Da magariba, ina neman inda zan sa ragowar kifi,
na jawo aljihun firiza na can ƙasa,
wanda ban taɓa ba tun Fabrairu.
Ƙunshi uku na jarida, an ɗaure da zare:
ƙashin kaza, fatar kifi, sun daskare kamar dutse.
A kan kowanne, da rubutunta mai karkata,
kalma ɗaya: Talata.

Ashe haka take yi.
Ta daskarar da wari har ranar mota,
ta fitar da shi da asuba
ni kuwa ina sama ina minshari.

Yanzu durom ɗin ƙanshin lemun tsami yake,
jarida shimfiɗe a gindinsa,
murfi a rufe, na ɗora masa bulo.
Da Talatar ta zo
na fitar da ƙunshi biyu.

Na ukun yana nan.
Jaswinder ta ce in zubar.
Na ce to.