Faifan Tasalla

A Agege aka haife ta, bayan layin dogo,
Hausarta da gishirin Yarbanci.
Ta sayar da keken ɗinkinta,
ta biya Rasaki kuɗin dare bakwai:
katifu a bango, janareto na tari a tsakiyar baiti,
kalangu da gangar Yarbawa suna musu
har asuba ta sasanta su.

Faifai ya fito.
Kanawa suka ce, ai wannan Yarbanci ne.
Mushin ta ce, waƙar 'yan Arewa ce.
Kwalaye suka tsufa a Alaba.

Ran Talata, a cunkoson Oshodi,
wani kwandasta mai wushirya
yana rera amshinta, yana karya kalmomin.
Ba ta gyara masa ba.
Motar ta wuce tasharta,
ba ta sauka ba.